Ƙuri'a Arba'in da Ɗaya

Goggo yayar babana ce, kuma a hannunta na tashi har aka yi mini aure. Shekara ashirin da tara ta yi tana buga takardu a sakatariyar ƙaramar hukumarmu. Tun zamanin tafireta ta fara, irin mai ƙararrawar nan da ke kaɗawa idan an kai ƙarshen layi, shi ya sa har yau unguwa ba ta san ta da wani suna ba sai Mai Tafireta, duk da an daɗe da kwashe injinan an kawo kwamfuta. Ta koyi kwamfutar da gilashi a kan hanci, tana dukan madannan da yatsu goma kamar ta kama su da laifi, har matasan ofis suna cewa wata rana Mama za ta karya kayan gwamnati.

Ofishinta shi ne na ƙarshe a dogon barandan ƙasa, jikin banɗakin ma'aikata. Taga ɗaya gare shi, kuma abin da ake gani ta tagar motocin kwasar shara ne guda uku da suka mutu a wurin, ciyawa ta fito ta cikin tayoyinsu. Akwai kabad na ƙarfe wanda sai an tokare shi da gwiwa yake buɗewa, da fanka mai kuka, da kujerar da ta ɗaure wa ƙafa ɗaya da waya. A wannan ɗakin ta buga takardun ɗaukar aiki da na kora, da bayanan taro, da wasiƙun ta'aziyya idan wani babba ya rasu. Shugabanni bakwai ta gani sun shigo da jiniya, sun fita babu mai ɗaga musu hannu.

Abu biyu take taƙama da su. Ba ta taɓa ɓata sunan mutum a takarda ba. Idan tana shakkar harafi ɗaya, sai ta tashi ta hau bene ta duba fayil. Sannan abin da ta buga a ofis ba ya bin ta gida. Mijinta, wanda muke kira Baba Direba saboda ya yi shekaru yana tuƙa motar asibiti, yakan ce shi kabad ya aura, kuma iyayen amarya ba su haɗa masa da makulli ba.

Saura mata wata goma sha huɗu ta yi ritaya aka sa ranar zaɓen ƙananan hukumomi. Mazaɓarmu ta daɗe da cire rai daga zaɓen kansila, domin wanda ya gabata a jikin fosta kawai muka san shi. Amma wannan karon mutane suka sa Mai Famfo a gaba sai da ya tsaya. Gajeren mutum ne mai furfura a gemu, kuma babu tsakar gidan da bai taɓa durƙusawa a cikinsa yana kwance bututu ba. Ya san inda kowane bututu ya bi a ƙarƙashin titinmu fiye da injiniyoyin hukuma. Shekarar da babbar kwatar bakin kasuwa ta toshe, ruwan ƙazanta ya kwanta har ƙofar makarantar firamare, shi ya tuɓe riga ya shiga da shebur, sauran maza suka ji kunya suka bi shi. Bai iya jawabi ba. Idan aka miƙa masa lasifika, sai ya juya ta a hannu kamar yana neman inda take yoyo, ya ce kun dai san ni, ya koma ya zauna.

Abokin takararsa ƙanin matar shugaban ƙaramar hukuma ne, kuma shugaban shi ma yana neman komawa kujerarsa. Shi abokin takarar ba a unguwar yake zaune ba. Gidan kakarsa ne a nan, ita ma ta daɗe da rasuwa. Sau ɗaya ya zo yaƙin neman zaɓe. Direbansa ya yi rashin sa'a ya tsaya daidai bakin kwatar. Ya sauko da farin takalmi, ya zaro hankici ya toshe hanci, ya yi magana ta cikin hankicin kamar minti biyar, ya koma mota. Kafin ƙurar motar ta kwanta ya zama Mai Hankici.

Ranar Alhamis da hantsi, kwana biyu kafin zaɓe, masinja ya leƙo ya ce wa Goggo Sakatare yana kira. Sakatare shi ne shugaban ma'aikatan hukumar, kuma Goggo ce ta buga takardar ɗaukarsa aiki yana saurayi mai siririn wuya. Yanzu wuyan ya ninku uku. Ta same shi yana cin abinci a kan tebur, ya nuna mata ƙofa da haɓa cewa ta rufe. Ya tsotse yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, ya goge sauran a jikin labule, ya jawo aljihun tebur ya miƙo mata takarda biyu, rubutun hannu, da tabon maiƙo a kusurwa.

"Mama, wannan ke kaɗai," in ji shi. "Yaran nan na ɗakin kwamfuta, kafin su gama bugawa ya shiga wayar kowa. Ke kuwa mun san ki."

Ta gyara gilashi ta duba. Mazaɓu goma sha ɗaya ne a jere, kowace da sunayen 'yan takara, kowane suna da adadin ƙuri'unsa a gabansa. Ta tambaye shi ko samfuri ne da za a nuna wa ma'aikatan zaɓe yadda ake cikewa. Ya yi dariya har ya ƙware, sai da ya sha ruwa. Da ya dawo hayyacinsa ya ce ta sa kwanan watan Lahadi, ta bar wurin sa hannu, ta kawo masa kafin rana ta yi tsaka.

Na sha tambayarta me ya hana ta ajiye masa takardarsa ta fita. Takan ce ta tuna fansho, ta tuna ƙafar Baba Direba da ciwon suga ya cinye wa yatsu biyu. Amma wata rana muna zaune mu biyu ta ce duk waɗannan daga baya ta nemo su don ta samu abin faɗi. Gaskiyar ita ce ƙafafunta ne suka kai ta kujerarta kamar yadda suka saba, hannunta ya kunna kwamfuta, ta tsinci kanta tana ja layin tebur.

Tamu ce mazaɓa ta bakwai. An ba Mai Hankici dubu biyu da ɗari takwas da shida. An ba Mai Famfo arba'in da ɗaya. Ta cire hannu daga madannai ta fara lissafa gidajen layinmu a ranta, daga shagon tela zuwa injin niƙa, tun ba ta kai rabi ba manya sun wuce arba'in da ɗaya. Sai kuma idonta ya faɗa kan sunan Mai Famfo, ta ga an tsallake harafi ɗaya. Ta gyara. Ta haɗa adadin da ke layin da jimillar da aka rubuta a ƙasa, kamar yadda take yi wa kowace takarda mai lambobi, ta ga sun saɓa da ƙuri'a tara. Ta sake haɗawa, haka dai. Ta tashi ta hau bene ta ƙwanƙwasa ƙofar Sakatare ta nuna masa. Ya kalle ta da sha'awa, ya ce wannan shi ne amfanin tsofaffin ma'aikata, ya ce ta ƙara taran a kan na yaronsu, Mai Hankici.

Wannan hawa benen shi ne abin da Goggo ta kasa yafe wa kanta. Bugawa dai an sa ta. Gyaran babu wanda ya roƙe ta.

Da ta kai masa, ya karɓe rubutun hannun duka biyu, ya biyo ta har ofishinta ya tsaya a kanta ta goge abin daga kwamfuta. Bayan ya fita ta tashi. Ta shiga banɗaki. Ta murɗa famfo don ta wanke hannu, babu ruwa. Ta goge hannun a zaninta ta koma ta buga bayanan taron kwamitin tsafta.

Kashegari da la'asar Mai Famfo ya yi sallama a gidan. Famfon tsakar gida ne yake ɗiga, Baba Direba ya yi masa magana tun makon jiya, kuma duk da gobe zaɓe bai manta ba. Ya durƙusa yana canza roba, yana hira da Baba Direba. Ya ce shi bai yi wa kowa alkawarin abin da ya fi ƙarfinsa ba, kwata ce kawai da shara. Ya juyo wajen Goggo, wadda ke zaune a bakin ƙofa tana tsintar shinkafa, ya ce motocin nan da ke bayan ofishinta ya leƙa cikinsu, biyu za su tashi idan aka cire kayan ta ukun aka sa musu. Goggo ta ce Allah ya taimaka, ba ta ɗago kai ba. Ta ce mini tsakuwa ɗaya ta yi ta ɗauka tana mayarwa har ya tafi.

Ranar Asabar da safe Baba Direba ya zauna a bakin gado yana naɗe ƙafarsa da bandeji, ga takalmin da ya yanke wa baki don ƙafar ta shiga. Goggo ta ce ya haƙura ya zauna, layi zai yi tsawo, rana za ta yi zafi. Ya ce ya ji. Ta ce likita ya hana shi doguwar tsayuwa. Ya ce likitan ba ya kwana da warin kwata. Ta tsaya a tsakiyar ɗaki riƙe da mayafi, sannan, karo na farko a shekara ashirin da tara, ta faɗa masa abin da ta buga a ofis.

Ya ƙarasa naɗin, ya soke bakin bandejin.

"Nawa suka ba shi?"

"Arba'in da ɗaya."

"To ni ina cikin arba'in da ɗayan, ko ba na ciki?"

Ya ce ta miƙo masa sandarsa. Idan sata za su yi, in ji shi, su saci wadda ya kai da ƙafarsa.

A makarantar firamare na same su, inda rumfarmu take. Ni a lokacin ban san komai ba. Kayan zaɓe ba su iso ba sai da rana ta take, amma babu wanda ya koma gida. Tsofaffi sun zo da kujerunsu. Wata mai tsohon ciki ta jingina da bangon aji tana fifita da katinta. Mai shayin bakin titi ya rufe teburinsa, abin da ko ranar da aka haifa masa tagwaye bai yi ba. Baba Direba ya tsaya awa biyu a kan ƙafa ɗaya da rabi, ya ƙi kujerar da aka ba shi. Goggo ta dangwala nata, ta fito tana kallon tawadar da ke yatsanta kamar ta taɓa wani abu a kwata.

Da yamma aka juye akwati a kan teburin malami a gaban kowa. Ma'aikacin zaɓe yana ɗaga takarda ɗaya bayan ɗaya, jama'a suna ƙirgawa da baki ɗaya kamar 'yan aji biyu. Mai Famfo ɗari uku da goma sha biyu, Mai Hankici goma sha tara. A rumfarmu kaɗai ke nan, cikin rumfuna tara na mazaɓar. Aka cike takarda, wakilai suka sa hannu, aka ba kowa kwafinsa. Waya ta fara shigowa daga sauran rumfunan, duk labari ɗaya. Wuri ya kaure da tafi da shewa. Matar Mai Famfo ta ratso mutane ta rungume Goggo tana kuka tana godiya, Goggo ta tsaya a sandare hannuwanta a ƙasa. Na ɗauka rana ce ta buge ta, har na je na nemo mata ruwa.

Lahadi ba ranar aiki ba ce, amma ta shirya ta tafi sakatariya, na bi ta. Daga baya ta ce mini wani ɗan guntun fata ne ya kai ta: tunda ratar ta yi yawa haka, kuma a gaban idon kowa, ko kunya za ta sa su yaga takardar. An kafa rumfa a harabar, an jera kujerun roba, 'yan sanda sun yi layi tsakanin masu kujera da masu tsayuwa. Saboda ita ma'aikaciya ce aka bar mu muka zauna a layi na uku. Baturen zaɓe wani ramammen mutum ne cikin kwat da ta yi masa yawa, yana ta gumi, kuma tun da ya zauna bai ɗago ido ya kalli jama'a ba. Ya buɗe ambulan ya zaro takarda. Firintar ofishin Goggo tana barin wani siririn baƙin layi a gefen hagu na duk abin da ta fitar. Daga inda muke ta hango layin. Ta kama hannuna ta matse har na ji zafi.

Ya fara karantawa da muryar mai karanta sunayen marasa lafiya. Da ya zo mazaɓa ta shida, tun bai rufe baki ba Mai Hankici ya miƙe yana ɗaga hannu biyu yana murmushi. Sai da na kusa da shi ya ja masa riga ya raɗa masa cewa ba tasa ba ce, tasa ce ta gaba. Ya zauna, aka karanta ta bakwai, ya sake miƙewa da murmushin dai bai canza ba.

Dubu biyu da ɗari takwas da goma sha biyar. Arba'in da ɗaya.

Sai tsohuwa mai injin niƙan layinmu ta ce daga bayan 'yan sanda, ba da ƙarfi ba ma, a gidanta kaɗai su goma sha biyu ne. Daga nan hayaniya ta tashi. Wani ya yi wa mai kula da lasifika alama, ya ƙure kiɗa har rumfar tana rawa. Na hango Mai Famfo a gaban layin, ya ɗaga leda mai ɗauke da takardun rumfuna tara sama da kansa, bakinsa yana motsi, ba a jin komai. Babu wanda ya karɓa, babu ma wanda ya ƙwace. Da aka rage kiɗan shugaba ya tashi ya gode wa al'umma bisa yadda aka yi zaɓe cikin lumana da sanin ya kamata.

Abin da Goggo ta tarar ranar Litinin ya fi na Lahadi. An jibge akwatunan zaɓe a baranda har kusa da ƙofarta, hatimin da aka sa musu bayan ƙirga a rumfuna ko taɓawa ba a yi ba, ana hango ƙuri'u ta cikin robar. Banɗakin kuma, da taron jiya ya yi ta shiga babu ruwa, ya cika ya tumbatsa, ƙazanta ta malalo baranda. Mai shara ya nemi tsumma a sito bai samu ba, aka ba shi ƙunshin takardu aka ce ya shimfiɗa su tsotse. Ya shimfiɗa su jere kamar matakala, ma'aikata suna tattare riga suna bi ta kai. Goggo ta duba ƙasa. Takardun sakamakon rumfuna ne, na asali, da sa hannun wakilai da tambari. Ta gane ta makarantarmu, ɗari uku da goma sha biyun tana narkewa cikin ruwan ɗorawa-ɗorawa. Babu wata hanya zuwa ƙofarta sai ta kan wannan takardar. Ta tsaya da makulli a hannu, wari yana dukan ta, mai shara yana cewa Mama ki taka a hankali akwai santsi. Ta taka.

Tana tashi daga aiki ba ta biya gida ba, ta wuce shagon Mai Famfo. Ta same shi shi kaɗai cikin tulin bututu da tsofaffin kawunan famfo. Ya tashi zai ba ta benci ta ce a tsaye za ta faɗi abin da ya kawo ta. Ta faɗa masa duka, daga kiran masinja har ƙuri'a taran.

"Da hannunki, Mama?"

"Da hannuna. Har sunanka na gyara musu."

Ya ɗauki wani kan famfo yana murzawa yana warwarewa. Bai zage ta ba, ta ce da ya zage ta da ta fi samun sauƙi. Can ya tambaye ta ko za ta maimaita wannan a gaban alƙali. Ta ce za ta maimaita a gaban kowa.

Suka je wurin lauya su uku, har da Baba Direba da sandarsa. Lauyan ya tambayi rubutun hannun, ta ce an karɓe. Ya tambayi abin da ke cikin kwamfuta, ta ce an sa ta ta goge. Ya cire gilashi ya ce mata ta sani fa, a duk waɗanda suka yi wannan aiki ita kaɗai ce za ta tsaya ta ce ta yi, kuma wanda ya amsa laifi da bakinsa shi aka fi saurin kamawa. Ta ce ta sani. Ya ce to zai shigar da ƙara, da zarar ɗan takara da shugabannin jam'iyyarsa sun sa hannu.

Ba a yi kwana uku ba zancen ya zaga unguwa. Ban san ta bakin wa ya fita ba. Shugaba yana bayan katanga da 'yan sanda, Sakatare yana cikin mota mai baƙin gilashi, Mai Hankici ko hanyar unguwar bai sani ba. Amma Mai Tafireta kullum da safe tana bi ta layi a ƙafa da jakarta. Matan da ta buga wa 'ya'yansu takardun neman aiki suka daina amsa gaisuwarta. Aka wayi gari an watsa mata ruwan wanke-wanke a ƙofar gida. Aka ce fili aka ba ta a sabuwar unguwa, wasu suka ce biyu. Baba Direba ya zauna a ƙofar gida yana roƙon duk mai wucewa ya taimaka ya nuna masa filin, yana so ya shuka ko da tumatir ne. Goggo ba ta kare kanta wurin kowa ba. Ta ce rabin abin da suke faɗa ƙarya ne, amma rabin da ya rage ya isa.

Mako uku tana jiran sammaci. Ranar da masinja ya sake leƙowa ya ce Sakatare yana kira, ta tabbata kora ce, har ta sa kofinta da gilashinta na biyu a jaka kafin ta hau bene. Ta same shi cikin fara'a. Ya tambayi ƙafar maigida, ya tambayi lauya ko yana lafiya, don ta san ya sani. Sannan ya miƙo mata takarda, rubutun hannu, ya ce ta buga. Wasiƙar naɗi ce: mai ba shugaban ƙaramar hukuma shawara na musamman kan harkar ruwa. Sunan da ke kai na Mai Famfo ne. Manyan jam'iyyun biyu sun zauna, in ji Sakatare, an fahimci juna, ba za a je kotu ba, duk 'yan gida ɗaya ne.

"Ki kula da sunan, Mama," ya ce. "Kin fi kowa sanin yadda ake rubuta shi."

Ta sauko ta zauna a kujerarta. Ta daɗe tana kallon motocin sharar. Sannan ta buga takarda ɗaya, gajeriya, layi huɗu, ta neman ajiye aiki. Ta haɗa ta da wasiƙar naɗin yadda aka ba ta, ba ta buga ba, ta ba masinja ya kai sama, ta rufe ofis da rana tsaka ta tafi gida.

Bayan mako guda Mai Famfo ya zo gidan cikin sababbin kaya masu sauran karin guga. Baba Direba ya karɓe shi a tsakar gida. Ya zauna a bakin kujera yana ta bayani: manya sun taru a kansa, an ce kotu shekara za ta ci ba a gama ba, ga 'ya'ya shida, kuma idan mutum yana ciki ya fi iya gyara wani abu. Baba Direba yana jin sa yana kallon takalminsa, sabo ne shi ma. Goggo tana ɗaki tana ji. Sai da ya tashi tafiya ta fito bakin ƙofa.

"Ba sai ka ba ni haƙuri ba," ta ce. "Ni ba ni da bakin zagin ka. Ni na riga ka."

Ta ce mini wannan ya fi komai ci mata rai, cewa ko tsanar sa ba za ta iya yi da zuciya ɗaya ba. An ba shi ɗaki a bene na sama, da kujera babu tebur. Yana zuwa da safe ya sa hannu, ya zauna, ya tashi da yamma. Ya daina durƙusawa a tsakar gidan mutane, ya ce bai dace da muƙamin ba, don haka yanzu idan bututu ya fashe daga wata unguwa muke kiran mai gyara. Idan ya hango Goggo a layi sai ya tuna yana da waya a aljihu.

Da takardunta suka kammala, ofis suka dage sai sun yi mata liyafar ban kwana. Ta ce ba ta so, aka turo mota. Na raka ta. An jera lemo a ɗakin taro, Sakatare ya yi jawabi mai tsawo, ya kira ta uwa, ya ce irin su sun ƙare, ya ce matasa su yi koyi da ita. Mai Hankici, wanda yanzu ake kira mai girma kansila, ya tambayi na kusa da shi wace ce tsohuwar, sannan ya tafa da ƙarfi. Aka ba ta kyauta a naɗe cikin takarda mai ƙyalli, aka sa ta riƙe aka ɗauki hoto.

A gida muka buɗe. Agogon bango ne, faffaɗa kamar faranti, da hoton shugaba a tsakiya yana murmushi, hannayen agogon suna fitowa daga hancinsa. Baba Direba ya juya shi gaba da baya, ya ɓalle murfin, ya cire batirin ya sa a rediyonsa, ya ce wannan dai zai yi amfani. Goggo ta ɗauki sauran da yatsu biyu ta fita bayan ɗaki, inda ta fara kiwon kaji tun da ta bar aiki. Ta cire gilashin fuskar agogon, ta ajiye agogon a ƙasa, ta zuba dusa a ciki. Gefensa yana da ɗan tudu, in ji ta, dusar ba za ta zube ba.